Gishen banki: zaure ne, ba ɗakin kwana ba

A Maraɗi ko Damagaram, idan aka ce wane ya samu aiki a banki, nan take dangi suke soma barka da arziki. Abin da ido yake gani shi ne ofis mai sanyi, tufafi masu tsabta, da albashi wanda ba ya makara. To amma mafi yawan matasan da suke shiga banki daga gishe suke farawa, wato tagar nan ta biya da karɓar kuɗi. Mene ne ke bayan wannan gilashi, kuma ina hanyar ta nufa?

Da safe, kafin a buɗe ƙofa, mai gishe yana karɓar kuɗin aiki daga hannun babban ma'aji, ya ƙirga, ya sa hannu. Daga nan sai layi: ɗan kasuwa da buhun takardun jika-jika da suka sha hannu, malamin lekol da ya zo ɗaukar albashi, tsoho da ya zo karɓar kuɗin ritaya. Kowanne sai an duba katinsa na ɗan ƙasa, an gwada sa hannunsa da wanda ke ajiye, an tabbata shek ɗin ba na ƙarya ba ne, takardun kuɗin kuma ba jabu ba ne. Da marece, bayan mutane sun watse, shi yana nan zaune, domin dole abin da ke cikin akwati ya yi daidai da abin da na'ura ta rubuta. In an samu giɓi, bisa al'adar aikin, shi za a tuhuma, sau da yawa kuma daga aljihunsa za a cike.

Akwai wata gwaninta da ba a koyarwa a aji. Na'ura da tamma take lissafi, kasuwa kuwa da dala. Alhajin da ya ce «dala dubu biyu», jika goma yake nufi, wato 10.000 na sefa. Takardun banki da Faransanci suke, mutumin da ke tsaye gaban taga kuwa sau da yawa Hausa yake ji, ko Zabarmanci, ko Barbarci. Mai gishe na ƙwarai tafinta ne tsakanin duniya biyu, kuma mai rufa asiri, tun da ya san abin da maƙwabcinsa ya mallaka amma doka ta hana shi faɗa.

Masu cewa aikin banki ba ya mutuwa, su tuna da BDRN. Shi ne babban bankin raya ƙasa tun farkon shekarun mulkin kai, amma basusukan da ba a biya ba suka kayar da shi a 1990, aka kafa SONIBANK a kan kufansa. A wannan shekara ce kuma aka girka hukumar sa ido kan bankunan yankinmu, mai mazauni a Abijan. Haka nan duk lokacin da sha'anin kuɗi ya girgiza, mai gishe ne ke shan zafin farko. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 2004 bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun kuɗi, jama'a suka yi cincirindo wurin canji. Daga ƙarshen Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024, lokacin takunkumin CEDEAO da UEMOA, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya ɗauka. Wanda ya yanke hukuncin yana nesa. Wanda ya ce wa magidanci «yi haƙuri, babu» shi ne na bakin taga.

Yau kuma wani sauyi ne ya tunkaro. Na'urar cirar kuɗi da ke jikin bango tana aiki dare da rana, kuma tun kafa GIM-UEMOA a 2003 aka buɗe hanyar da katin wani banki zai yi aiki a na'urar wani. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana sun kai rassansu garuruwan da banki bai taɓa takawa ba. Wayar salula ita ma ta zama jakar kuɗi, da Airtel Money da makamantansa. Aikin ƙirga da miƙawa bai ƙare ba, tun da har yanzu cinikin kasuwanninmu da tsabar kuɗi ake yin sa. Amma ya bazu, ya fita daga banki zuwa ƙananan shaguna, kuma abin da na'ura za ta iya yi, ba za a daɗe ana biyan mutum da tsada dominsa ba.

Saboda haka matashin da ya fito daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, in aka kira shi gishe, kada ya raina. Nan ne zai san mutane, ya san mai cika alkawari da mai zamba. Sai dai ya shiga da niyyar wucewa. Matakan a bayyane suke: babban ma'aji, mai kula da asusun ƴan kasuwa, mai nazarin bashi, mai binciken cikin gida, shugaban reshe. Kowane mataki yana buƙatar ƙarin karatu: lissafin kamfani, dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram, ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, da tsarin bankin Musulunci, wanda ke jan hankalin masu ƙyamar riba. Akwai takardar shaidar ITB da ma'aikatan banki ke nema suna cikin aiki, akwai kuma cibiyar COFEB ta BCEAO a Dakar.

Su kuma bankuna, alhaki yana wuyansu. Barin matashi shekaru a bakin taga da kwangilar wucin gadi, ba horo ba ƙarin girma, asara ce gare su kafin ta zama tasa. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wanda ya tsaya a zaure yana jiran a kira shi ciki, wata rana zai tarar an kafa na'ura a mazauninsa.