Karen Farauta a Gidan Yara

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda gulbin Sakkwato ya ratsa, kuma madatsar ruwa ta Bakolori, tun da aka kammala ta a 1978, ta mai da noma sana'ar rani da damina, ba baƙon abu ba ne magidanci ya karɓo ɗan kwikwiyo daga wurin mafarauta ko daga ruga, da niyyar ya tsare masa gida ko gona, sa'an nan bayan 'yan watanni, lokacin da kwikwiyon ya zama kare, a wayi gari yana bin yara a tsakar gida, yana cafkar dunduniyar duk wanda ya sheƙa a guje, yana tare almajirai a bakin zaure, har matan gida su ce ko dai shi ko su.

Galibi sai a ce karen ya lalace, alhali kuwa ɗabi'arsa ce ta bayyana. Karen da iyayensa da kakanninsa aka zaɓe su domin zafin gudu bayan zomo da gada, idan ya ga ƙaramin abu yana gudu yana ƙara, jininsa ne ke motsawa tun kafin horo ya tsai da shi; wanda kuwa ya fito daga ruga, an gadar masa da zargin duk baƙon da ya kusanci abin da yake tsaro, kuma bai san bambanci tsakanin ɓarawon shanu da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗibar wuta ba. Hali zanen dutse ne. Ga shi kuma, tun da rashin tsaro ya taƙaita shiga daji a Zamfara, karnuka da yawa sun rasa aikin da ke gajiyar da su, sai ɗauri da rana da gurnani da dare, kuma duka ba ya ƙara wa irin wannan kare kome sai tsoro, mai tsoro kuwa shi ya fi saurin cizo.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga mu hango wannan mas'ala, domin Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala wadda ake karantawa a zaurukanmu, ya taƙaita halaccin ajiye kare ga farauta da kiwo da tsaron shuka, bisa ga hadisin da ya nuna cewa mai ajiye shi ba da ɗayan waɗannan dalilai ba ladansa na raguwa kullum. A ganina hikimar ta shafi karen kansa, tun da an rataya zamansa da mutum a kan aiki. Fuƙaha'u kuma sun ɗora lamuni a kan mai kare mai cizo idan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, saboda haka ranar da maƙwabci ya yi sallama ya kawo ƙara, daga ranar nauyi ya hau wuyan maigida.

Haɗarin ba ƙarami ba ne, domin yaro gajere ne, cizon yakan same shi a fuska ko a wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, yawancinsu kuwa ta hanyar cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da kaso babba a ciki. Idan cizo ya auku, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, a kuma tsare karen kwana 10 ana lura da shi. Kada a ba da shi ga kowa a cikin wannan wa'adi.

To, idan shawara ta tsaya a kan rabuwa, kai shi bayan gari a yasar, ko a sa masa guba, zalunci ne ga dabbar da aka ɗauki amanarta, kuma yasasshen kare kan 'ya'yan wasu zai koma. Abin da ya dace shi ne a nemi mai aikin da zai ba shi, ta hannun sarkin baka ko wani makiyayi ko manomin fadama da gonarsa ke nesa da gidaje, bayan an kai shi wurin malamin dabbobi an yi masa allurar rigakafi. A bayar da shi kyauta, don a fita daga saɓanin malamai game da kuɗin kare, a kuma bayyana aibinsa filla-filla, wato abin da ke tunzura shi da ko ya taɓa cizo, domin ɓoye aibi ha'inci ne ko da a cikin kyauta. Yaran gida, musamman wanda ya saba ba shi tuwo, a gaya musu inda za shi da dalili. Shi kuma sabon mai shi ya ɗaure shi a inuwa na 'yan makonni, yana ciyar da shi da hannunsa, gama tsakanin Mafara da Bakura ba tafiya ba ce ga karen farauta. In ya tsinke ya dawo tsohon gida, a ba shi ruwa kawai, a aika wa mai shi ya zo ya tafi da abinsa.