Guguwar Dusar Ƙanƙara a Gaɓar Tekun Amurka

A gabashin ƙasar Amurka, inda ta yi iyaka da Tekun Atalantika, akwai jerin manyan birane, tun daga Washinton, babban birnin ƙasar, zuwa Baltimore, da Filadelfiya, da Niyu Yok, har Boston. Miliyoyin mutane ne suke zaune a wannan zirin ƙasa. Sanyin wurin yakan kankama cikin watan Disamba, ya yi ta yi har tsakiyar Maris. To, waɗansu daga cikin guguwoyin da suka fi yi wa mutanen nan ɓarna sun auko musu ne a ƙarshen sanyi, sa'ad da kowa ya saki jiki yana tsammanin wuya ta wuce. Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda irin wannan guguwa take ƙulluwa, da yadda masu duba yanayi suke hango ta, da abin da yakan biyo bayanta.

Mece ce guguwar dusar ƙanƙara?

Dusar ƙanƙara dabam take da ƙanƙarar nan mai tauri wadda kan faɗo tare da ruwan sama da damina. Ita tururin ruwa ne yake daskarewa can cikin gajimare, ya sauko fari fat, marar nauyi, kamar auduga da aka shiɓe. In aka narkar da inci 10 nata, galibi abin da za a samu bai wuce inci 1 na ruwa ba.

Yawan dusar kaɗai ba ya sa a kira ta guguwa. Hukumar Duba Yanayi ta Amurka ta ajiye sharuɗɗa uku. Na ɗaya, iska ta kai gudun mil 35 cikin awa ko fiye. Na biyu, dusar da take zuba ko wadda iska take kwasa daga ƙasa ta rufe gari har mutum ya kasa hangen abin da ke rubu'in mil daga gare shi. Na uku, a ɗauki awa 3 ko fiye ana cikin wannan hali. Wanda ya taɓa ganin hazon hunturu mai kauri, irin wanda kan hana jirgin sama sauka, ya san kwatankwacin duhun. Sai dai wannan hazo fari ne, kuma yana tafe da sanyin da kan kashe mutum.

Yadda take ƙulluwa

Abu biyu ne sukan haɗu. Daga arewa, busasshiyar iska mai tsananin sanyi takan gangaro daga Kanada. A cikin teku kuwa akwai wani gudanon ruwan ɗumi da ake kira Gulf Stream, wanda yake tasowa daga wajen Filorida ya bi gaɓa ya nufi arewa, iskar da ke bisansa kuma tana da ɗumi da laima. Inda iskokin nan biyu suka yi karo, mai ɗumin takan hau bisa mai sanyin domin ta fi ta rashin nauyi. Tana hawa tana hucewa, laimarta tana zama gajimare, nauyin iska kuma yana raguwa a wurin. Daga nan sai iska ta riƙa kwararowa daga kowane gefe, tana kewaya cibiyar saɓanin yadda hannun agogo yake tafiya.

Da yake cibiyar tana cikin teku, iskar da take bugun gaɓa daga arewa maso gabas take fitowa, har mutanen wurin sun laƙaba wa guguwar sunan wannan kusurwa. Ana auna ƙarfinta da ma'aunin nauyin iska. A bakin teku nauyin iska yakan tsaya wajen miliba 1013. In ya faɗi da miliba 24 cikin awa 24, masu duba yanayi sun san abin ya yi tsanani. A watan Maris kudancin ƙasar ya fara ɗumi alhali Kanada tana nan a daskare, saboda haka bambancin da ke tsakanin iskokin biyu yakan yi girma, guguwar kuma ta sami abin da za ta ƙarfafa da shi.

Guguwar 1888, wadda ba a hango ba

Ranar Asabar, 10 ga Maris 1888, gari ya yi daɗi a Niyu Yok, babu alamar sanyi. A zamanin nan aikin duba yanayi yana hannun wani sashe na sojan Amurka mai kula da aika saƙonni, wanda aka ɗora wa aikin tun 1870. Ma'aikatansa sukan auna iska a tashoshinsu, su buga waya zuwa Washinton, a can a haɗa labarin a fitar da sanarwa. Sanarwar da aka fitar ba ta ambaci wani babban haɗari ba. Dalili kuwa shi ne guguwar a cikin teku take ƙulluwa, inda babu tasha, jiragen ruwa kuma ba su da rediyon da za su ba da labari.

Ranar Lahadi aka yini ana ruwa. Da dare ya raba sai iska ta juya, ruwan ya zama dusa. Kafin gari ya waye ranar Litinin, 12 ga wata, wayoyin tangaraho sun tsinke, jiragen ƙasa sun maƙale, birnin ya yanke daga sauran duniya. Mutane da yawa sun fita aiki kamar kullum, don ba wanda ya gargaɗe su, waɗansu kuwa ba su komo ba. Dusa ta kai inci 21 a Niyu Yok, a waɗansu wurare na jihohin Connecticut da Massachusetts kuma ta kai inci 40 zuwa 50. Iska ta tara ta tsibi-tsibi har ta rufe ƙofofin gidaje. Ranar 13 ga wata sanyi ya kai digiri 14 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Mutum fiye da 400 suka rasu, kimanin rabinsu a birnin Niyu Yok. Jiragen ruwa wajen 200 suka nutse ko suka kife a gaɓa.

Wannan masifa ta koya wa hukumomi darasi. Niyu Yok ta shiga binne wayoyinta a ƙarƙashin ƙasa. Maganar haƙa hanyar jirgi a ƙarƙashin birni ta ƙara ƙarfi, har Boston ta buɗe tata a 1897, Niyu Yok kuma a 1904. Aikin duba yanayi ya fita daga hannun soja a 1891, ya koma ƙarƙashin Ma'aikatar Gona.

Guguwar 1993, wadda aka hango

Bayan shekara 105, a cikin mako guda na watan Maris, wata guguwar ta sake tasowa. Amma kafin nan kayan aiki sun sake. Tun 1960 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton gajimare. Ana sakin balan-balan ɗauke da ma'aunai zuwa sama, akwai na'urar rada mai nuna inda ruwa yake zuba, akwai kuma kwamfutoci masu lissafa inda iska za ta nufa. Da taimakon waɗannan, masu duba yanayi sun hango guguwar tun saura kwana 5, tun ba ta ƙullu ba. Aka yi ta shela a rediyo da talabijin, waɗansu gwamnonin jihohi suka kafa dokar ta-ɓaci kafin dusar ta fara zuba.

Ta ƙullu a Tekun Meziko ranar Jumma'a, 12 ga Maris 1993, ta ratsa Filorida cikin dare, ta bi gaɓa ranar Asabar, ta shiga Kanada ranar Lahadi. Nauyin iska a cibiyarta ya faɗi har miliba 960. Ɓarnarta ta taɓa tun daga tsibirin Kyuba har Kanada. Birmingham ta jihar Alabama, inda ba a saba da dusa ba, ta sami inci 13. Pittsburgh ta sami 25, Syracuse 43, dutsen LeConte na jihar Tennessee kuma 56. Babu wani babban filin jirgin sama a gabashin ƙasar da ba a rufe ba. Miliyoyin gidaje suka rasa lantarki.

Duk da gargaɗin, mutum kimanin 270 suka rasu, ban da waɗanda suka ɓace a teku. A Filorida iska ta turo ruwan teku ya hau tudu da ƙafa 12 a waɗansu wurare, cikin duhun asuba, mutane suna barci. Kusa da Nova Scotia wani jirgin kaya mai suna Gold Bond Conveyor ya nutse da ma'aikatansa 33. Watau hango haɗari ba ya hana shi zuwa. Amfaninsa shi ne mutane su sami lokacin ɓuya.

Abin da ya sa labarin gari guda yake da wuya

Ko da an tabbata guguwa tana tafe, faɗin abin da zai sauka a gari kaza ba abu ne mai sauƙi ba. A cikin kowace guguwa akwai wata iyaka: a gefenta na teku ruwa ake yi, a gefenta na tudu dusa. In cibiyar ta matso kusa da gaɓa, iskar teku mai ɗumi takan shigo, biranen gaɓa su sha ruwa, dusar ta zube a cikin ƙasa. In ta yi nisa cikin teku, sai ta wuce ba ta taɓa kowa ba. In kuwa ta bi ta tsakiya, manyan biranen ne za su sha ta. Tazarar mil 50 ta isa ta sake labarin duka.

An ga haka ranar 14 ga Maris 2017. An gargaɗi mutanen Niyu Yok su yi shirin dusa fiye da ƙafa guda, aka rufe makarantu. Sai cibiyar ta matso kusa da gaɓa, dusar ta gauraye da tsakuwar ƙanƙara, abin da ya taru bai kai inci 8 ba. A wannan guguwar kuwa Binghamton, wadda ke cikin ƙasa a jiha guda da birnin, ta sami fiye da inci 30. Saboda wannan ne hukuma take yin sanarwa hawa biyu. Ta farko tana cewa haɗari yana iya zuwa, a yi shiri. Ta biyu tana cewa ya tabbata ko ya riga ya iso, kowa ya zauna inda yake. Ana kuma sabunta sanarwar sau da yawa a yini, don haka labarin jiya ba abin dogara ba ne yau.

Mazauna bakin teku suna da wani abin dubawa, watau lokacin cikar teku. Teku yakan cika sau biyu a yini, cikarsa kuma takan fi yawa lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika. A watan Maris 1962 wata guguwa ta tsaya cik har teku ya cika sau 5 tana bugun gaɓa. Ta rushe dubban gidaje, ta kashe mutum 40.

Bayan guguwa ta wuce

Tsayawar dusa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Abu huɗu ne masu duba yanayi sukan sa wa ido, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko iska. Da cibiyar ta wuce, iska takan juya ta fito daga arewa maso yamma, ta yi ta kwasar dusar da ke ƙasa tana mayar da ita bisa hanyoyin da aka share. Ana iya ganin rana tarwai a sama alhali direba ba ya ganin gabansa.

Na biyu sanyi. Farar dusa tana mayar da hasken rana sama, da dare kuma, da yake babu gajimare, ɗan ɗumin da ƙasa ta samu yakan tsere. Saboda haka daren da ya fi sanyi yakan zo ne bayan guguwar. Ranar 14 ga Maris 1993 sanyi ya kai kusan digiri 17 ƙasa da sifiri a Birmingham, ga shi gidaje da yawa babu lantarki.

Na uku santsi. Ranar watan Maris tana da ƙarfi, takan narkar da dusa da tsakar rana, ruwan ya malala bisa titi, da dare ya sake daskarewa kamar gilashi. Mai mota ba ya ganinsa sai ya hau. Dusar da ta jiƙe kuma tana ƙara nauyi, har takan rusa rufin gida.

Na huɗu ambaliya. Dusar da ke kwance ruwa ne a ajiye. In ta narke sannu a hankali, koguna sukan ɗauke ta lafiya. In kuwa iska mai ɗumi ta zo da ruwan sama, sai ta narke gaba ɗaya bisa daskararriyar ƙasa wadda ba ta shan ruwa. Haka ta faru a watan Maris 1936, sa'ad da koguna suka cika suka batse a arewa maso gabashin ƙasar, har ruwa ya shiga tsakiyar birnin Pittsburgh.

Gargaɗin hukuma

Abin da hukumomin wurin suke nanata wa jama'a ba shi da yawa. A tanadi abinci da ruwa da magani na kwana 3, da tocila, da rediyo mai batir. Kada a hau hanya in an yi sanarwa ta biyu, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda dusa ta tsare a mota ya zauna cikinta, ya tabbata bututun hayaƙi bai toshe ba. Kada a kunna gawayi ko janareta a cikin ɗaki, domin hayaƙinsu yana da guba wadda ba ta da wari, takan kashe mutum yana barci. Tsofaffi da masu ciwon zuciya kada su sa kansu aikin kwashe dusa da shebur, gama kowace shekara akan rasa rayuka ta wannan hanya. A leƙa maƙwabci, musamman wanda ke zaune shi kaɗai. Sa'an nan a ci gaba da sauraron sanarwa ko bayan gari ya washe, har sai dusar ta narke, koguna sun koma yadda suke.