Mene ne kason kasuwa, kuma Microsoft na rasa nasa ne?

Kason kasuwa shi ne rabon da kamfani ke da shi cikin dukan masu amfani da wani nau'in kaya. Da shi ake gane wanda tauraronsa ke haskawa da wanda ke ja da baya.

A farkon shekarun 2000, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet da Internet Explorer ta Microsoft suke shiga. Da Google ya fito da Chrome a 2008, jama'a suka juya can, har Microsoft ya jingine Internet Explorer a 2022. Sai dai manhajarsa ta Windows har yau ita ce kan gaba a kwamfutoci.

Gogayyar ta shafi kowa, domin ita ke ba mai saye zaɓi da sauƙin farashi.