Tambuwal, Garin Buhari Ɗan Shehu

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, in ya wuce Boɗinga da Shagari, sai ya iske Tambuwal, wajen mil 60 daga birni. Mu da mu ka fito daga Jabo da Kebbe mun san ta tun muna ƙanana, amma kaɗan ne cikinmu su ka san dalilin zamanta a nan.

Asalin sarautarta Muhammadu Buhari ne, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Bayan wafatin Shehu a 1817 daula ta kasance da kujera biyu, Sakkwato da Gwandu, Kabawa kuwa ba su daina kawo hari ba. Don haka aka zaunar da 'ya'yan gidan Shehu a ribaɗi, watau gari mai ganuwa inda mayaƙa da malamai ke zaune suna tsaron iyaka. Buhari ya zauna Tambuwal, sarautar garin kuwa ta tabbata a zuriyarsa.

Inda aka sami aminci, nan fatake ke sauke kaya. Ayarin goro daga Gwanja ya kan biyo ta Jega, wadda kasuwarta ta shahara ƙwarai a wancan zamani, sa'an nan ya wuce arewa. Gishirin Foga ma ta yamma ya ke shigowa. Mutanenmu kuwa su kan fitar da gero da dawa, da shinkafar fadama, da albasa, da fatar jar akuya, wadda Turawa su ka daɗe suna kira fatar Maroko domin ta can ta ke isa gare su.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yaƙi ya ƙare, mota ta gaji jaki. Da aka yanke Jihar Kebbi a 1991, sai Tambuwal ta sake zama garin bakin iyaka. Ɗanta Aminu Waziri Tambuwal ya yi gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023.

To, 'yan'uwa, abin kunya ne yaro ya haddace biranen Faransa bai san wanda ya kafa garinsu ba. Tsofaffin da su ka riƙe labarin nan suna ƙarewa. In mun tafi hutu, mu durƙusa gabansu da alƙalami, mu rubuta, mu koyar. Allah ya sa mu dace, amin.