In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Ƙarar Injuna da Kurumta a Wurin Aiki

Da wuya a sami unguwa ko kasuwa a ƙasar nan da babu injin niƙa ko na markaɗe a cikinta. Yawancin masu tsayuwa kan waɗannan injuna tun safe har faɗuwar rana 'yan'uwanmu ne, mata da samari masu neman abin sakawa a bakin salati. Haka kuma masu walda da maƙeran Panteka a Kaduna, da masu yankan katako, da masu fasa dutse. Dukansu akwai wata hasara da ke binsu a ɓoye, wato mutuwar kunne.

Ga yadda abin ke faruwa. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa, a cikinsa kuwa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiyar da ke kai shi ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani takan kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da dawa a gona. In an huta sukan miƙe, amma in abin ya zama na kullum sai su mutu, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Babu allura ko ƙwaya da ke mayar da shi.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. A shekarar 1998 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara kada ma'aikaci ya wuce awa 8 cikin ƙara mai desibel 85. Duk lokacin da ƙarar ta ƙaru da 3, sai a rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in ta kai 100 kuwa minti 15 kacal. Ba sai mun mallaki na'ura ba kafin mu gane. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu da kai ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai ta yi ɓarna.

Muguntar wannan cuta ita ce ba ta da zafi, ba ta fid da jini. Alamarta ta fari, mutum ya tashi daga aiki kunnensa na ƙugi ko yana shuuu, ko ya ji kamar an toshe shi. Sa'an nan siraran sautuka irin su “s” da “f” da “sh” su fara ɓace masa. Yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman muryar mata da yara, ko cikin taro. Daga nan sai rigima a gida: uwargida ta ce maigida ya raina ta, yara su ce Baba ya cika faɗa. A majami'a ya koma kujerar gaba, daga baya ya daina zuwa don kunya. A bakin aiki kuma bai ji hon na mota ba, bai ji ana ce masa ya kauce ba.

Ba ƙaramar matsala ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna mutane fiye da biliyan 1.5 ke da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu na bukatar taimako. Amma irin wadda ƙarar aiki ke kawowa, ana iya hana ta.

Maganin farko yana jikin injin. A sa masa girisi, a ɗaure kusoshin da suka saki, a canja bel da ya tsufa, a gyara salansa, a ɗora injin bisa tsohuwar taya ko katako don rage girgiza. Janareta a kai shi nesa da inda ake zama. Na biyu, a riƙa karɓa-karɓa, kada mutum ɗaya ya yini a kai, a kashe injin in babu niƙa. Na uku, a sayi abin toshe kunne na soso ko na roba, ko mai rufe kunne duka. Na soso, a murza shi ya yi siriri, a ja kunne sama, a tura shi ciki, a riƙe har ya kumbura. Auduga da takarda ba su tare ƙara yadda ake zato.

Muna roƙon iyayenmu mata musamman, kada a tsaya gaban injin markaɗe da jariri a goye, kada kuma a bar yara suna wasa a gindinsa.

Masu ɗaukar ma'aikata su sani akwai haƙƙi a wuyansu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta lissafa raunin ji cikin abin da ake biyan diyya a kai, akwai kuma ƙa'idojin hana yawan ƙara na 2009 waɗanda hukumar NESREA ke lura da su. Wanda ya ga alama a jikinsa ya nemi gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Na'urar taimakon ji tana taimakawa ƙwarai, ba abin kunya ba ce.

Mu ma sai mu duba gidanmu. Makaɗanmu da samarin da ke zama gaban lasifika awa uku ko huɗu ran Lahadi da lokacin taron farkawa, kunnensu ba na ƙarfe ba ne. A rage murya, a ɗaga lasifika sama da kan jama'a, kada a zaunar da yara kusa da ita. Ranar 3 ga Maris ce ranar kula da ji ta duniya. Zai yi kyau zumuntar mata da ta matasa su gayyaci ma'aikacin lafiya a makon nan ya koya wa jama'a yadda ake sa abin toshe kunne, dattawan ekklisiya kuma su saya da yawa a raba wa masu injuna.