Ɓarawon da Hoto Bai Kama Ba

Kacici-kacici: wane ɓarawo ne ke kwana a ɗaki shekara biyu, a haska ko'ina ba a ga ko sawunsa ba?

Yayata tana sayar da atamfa a kasuwar Gwagwalada. Idan ta daɗe a kan benci sai ta miƙe tana dafe mara. Fitsari bini-bini, kwanciyar aure kuwa ta zama azaba. A wurin likitoci, ciwon mara da ya kai wata 6 ya zama mai naci. Nata ya ninka haka sau huɗu. To, wa za mu kama?

Sanyi aka fara tuhuma. Ai duk macen da ta dafe mara, kafin ta rufe baki an ce mata "sanyi ne". Ta sha ƙwayoyi, ta sha jiƙo. Aka yi awo, ba a ga ƙwayar cuta ba. Sanyi ya wanke kansa.

Aka koma kan ƙarin mahaifa. Hoto ya nuna mahaifa fes. Gwaggo ta ce jifa ne. Ni kuma na zargi cutar endometiriyosis, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa. Likita ta saurare ni, ta yi murmushi, ta sa safar hannu.

Yatsa ɗaya. Wuri ɗaya. Yaya ta zabura.

"Nan ne, Likita! Wallahi nan ne!"

Ashe tsoka ce. A ƙasan ƙugu akwai tsokoki shimfiɗe kamar raga, suna tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Nata sun dunƙule sun ƙi saki. Ciwo na sa su ƙanƙame, ƙanƙamewar na ƙara ciwo, hoton ciki kuma ba ya nuna wannan. Ga abin takaici: atisayen matsi da ƙawaye suka koya mata, wanda likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948, fetur take zuba wa wuta da shi.

Maganin ba wuƙa, ba allura. A sashen gashi aka koya mata numfashi mai sakin tsoka, da tausa, da gashin ruwan ɗumi, da daina yunƙuri a bayan gida. Sannu a hankali benci ya daina zama abokin gaba.

'Yar uwa mai irin wannan ciwo, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada yake. Je ki ga likitan mata, ki ce a duba har da tsokar.