Tibiri: Yadda cinikin tufafi ta waya ke gwada amana tsakanin masu butik da 'yan ci-rani

Da zarar sallah ta matso, masu butik a garin Tibiri da ke jihar Dosso sukan cika WhatsApp da hotunan shadda, atamfa, leshi da abayoyi. Da yawa daga cikin masu kallon hotunan ba sa garin: 'ya'yan Arewa ne da ke neman kuɗi a Yamai, Kano, Legas ko Abidjan. Mutum ya zaɓi kaya a waya, ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, sai ƙanwa ko mahaifiya ta je ta karɓa.

Rigima kan taso ne bayan kaya sun isa gida. Launin da ya yi haske a hoto ya fito a dushe, rigar kanti ta matse wanda aka saya wa, ko kuma atamfa ta zuba tun wankin farko. Idan aka koma shago, amsar da aka fi ji ita ce kayan da aka saya ba a mayarwa.

Dalilin mai shago

Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tana iyaka da jihar Kebbi, don haka hankalin 'yan kasuwarta yana kan Najeriya. Wanda ya yi sari a Kantin Kwari da ke Kano ya biya kuɗin mota, ya biya dako, ya biya kwastan. Idan aka dawo masa da riga, ba shi da hanyar mayar wa dila, asarar tana wuyansa.

Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, amma naira tana hawa da sauka tun da Najeriya ta saki darajarta a watan Yunin 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa Maris ɗin 2024, abin da ya sa shigo da kaya ya yi wuya. Shi ya sa masu shaguna da dama ba sa liƙa farashi, sai dai a taya, a ce albarka, har a daidaita.

Wanda ke ciniki daga nesa yana da wani tarkon kuma: a Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce. Idan mai shago ya ce a rage "ɗari", sefa 500 yake nufi, "jika" kuwa sefa 1,000. Matashin da ya saba da naira zai iya fahimtar wani abu dabam.

Haƙƙin mai saye

Nijar tana da dokar kare haƙƙin masu saye tun 2015, sai dai ba kasafai rigimar turmin atamfa ke kaiwa gaban hukuma ba. Dangi da dattawan kasuwa ne ke raba gardama. A fiƙihun Malikiyya da jama'ar yankin ke bi, wanda ya gano tsohon aibin da ba a nuna masa ba lokacin ciniki yana da zaɓin mayar da kaya. Wanda kuwa ransa kawai ya sauya, karɓar kayan alfarma ce daga mai shago, kuma addini ya yaba wa mai yin ta.

A kasuwa an san wani ƙa'ida: turmi mai yadi shida da ba a yanka ba ana iya musanya shi. Da almakashin tela ya taɓa shi, magana ta ƙare.

Abin da ya kamata a yi kafin a tura kuɗi

Mafi sauƙi shi ne a yi sharaɗi tun farko. A nemi bidiyon kayan a hasken rana, a auna mai rigar da abin awon tela maimakon dogaro da lambar da ke wuyanta, domin lambar kayan Sin da ta Turkiyya ba lallai su zo ɗaya ba. A rubuta farashi da lambobi a sefa, a kuma amince kan kwana nawa ake da su na musanya. Saƙon murya ko na rubutu a ajiye shi, shi ne shaida.

Mai butik ma yana da abin da zai kiyaye. A gari irin Tibiri kowa ya san kowa, kuma labarin wanda aka ƙi saurara yakan isa Kore Mairuwa da Dumega kafin a rufe shago. Ɗan ci-ranin da aka musanya wa abaya ɗaya cikin mutunci, shi ne gobe zai turo kuɗin lefe.